A Ƙirga Mu Kafin a Sa Lokacin Jirgi

'Yan'uwa, a 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Ɗambatta, Kazaure, Daura da Katsina. Mu mutanen Makoɗa maƙwabtan Ɗambatta ne, zancen kuwa ya shafe mu.

Shimfiɗa dogo daban, sa lokacin tashi daban. Masu tsara lokaci sukan aika ma'aikata tashar mota su ƙirga fasinja, su tambaye su inda suka fito, inda za su, da ƙarfe nawa. Da wannan ake sanin yawan taragai da sa'ar da ta dace.

To, amma yaushe za a yi ƙirgar? In da damina ce, kowa yana gona, sai a rubuta cewa ba matafiya a nan. A zo da kaka, a ga buhunan gero da 'yan cin rani. A zo ranar kasuwa.

Akwai ma waɗanda ba a ganinsu a tasha sam, kamar tsohuwar da kuɗin mota ya hana ta zuwa asibitin Kano. Ita sai an bi ta gida an tambaya, kada a sa mata jirgin tsakar dare.