Kiyasin Ɓera a Kan Ɗan Adam

Duk wanda ya san tarihin cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke kudu da Jos tun 1924, ya kuma ji yadda allurarta ta tsare garkunan Fulani daga bushiya, ba zai raina gwaji a kan dabba ba. Sai dai a Vom saniya ake gwadawa domin saniya. Amma idan aka ɗura wa ɓera magani domin a yanke wa ɗan Adam hukunci, to, an shiga babin kiyasi, malamanmu kuwa sun sharɗanta tun dā cewa kiyasi ba ya inganta sai illa guda ta haɗa asali da reshe. Alhali hantar ɓera ba ta sarrafa magani yadda tamu take yi.

Kimanin tara cikin goma na magungunan da suka tsallake gwajin dabbobi faɗuwa suke yi a jikin mutane. Thalidomide ya wuce ɓeraye lafiya, ya nakasa jarirai fiye da 10,000 kafin a janye shi a 1961, sa'an nan illarsa ta bayyana a zomo. Trovan kuwa, wanda Pfizer ya gwada a Kano lokacin sanƙarau na 1996, hukumomin Amurka sun taƙaita shi a 1999 saboda lalata hanta.

Ban ce a daina gwajin dabbobi ba, domin zato mai rinjaye ya fi jahilci. Roƙona ga hukumar kula da magunguna ta NAFDAC da likitocinmu shi ne kada su kira shi yaƙini a gaban iyayen da ake neman izininsu don gwada magani a kan 'ya'yansu.