Wa Ya Tambayi Masaƙiya?

Duk baƙon da ya shiga rumfar dillalin darduma a babbar kasuwar Istambul, kafin shayin da aka zuba masa ya huce an riga an soma yi masa tafsiri. Wannan lanƙwasa ƙahon rago ce, alamar mazakuta. Waccan kunama ce, tsari daga sharri. Ita kuwa wannan siffa mai hannaye a ƙugu, wadda Turkawa ke kira elibelinde, wai Uwar Halitta ce da mutanen Anatoliya suka bauta wa shekaru dubu tara da suka wuce, kuma wai matan ƙauye na ta saƙa ta har yau ba tare da sun san abin da suke saƙawa ba. Maganar nan ta ƙarshe ita ke ɗaga kuɗin darduma, kuma ita ta cancanci a tuhume ta, domin ba daga bakin masaƙiya ta fito ba.

Wanda ya fi kowa yaɗa ta sananne ne. Baturen Ingila James Mellaart, masanin haƙar kayan tarihi, shi ya tone kufan Catalhoyuk kusa da birnin Konya tsakanin 1961 da 1965, aikin da babu mai raina shi. A 1989 shi da Udo Hirsch da Belkis Balpinar suka fitar da littafi mai juzu'i 4 a kan wannan abar bauta ta Anatoliya. A ciki ya nuna zane-zanen bango da ya ce ya gani a kufan, masu kama da shimfiɗun kilim na yau kamar an tsaga kara. Sai dai babu hoto ko ɗaya da ya tabbatar da su, ba su cikin rahotannin da shi kansa ya buga lokacin haƙar, kuma ya kafa hujja da cewa gobara ta cinye takardunsa na asali. Dillalai ba su tsaya tambaya ba, abin nema ya samu.

Wadda ta tona asirin a 1990 masaƙiya ce, Ba'amurkiya Marla Mallett. Ta dubi zanen da idon wadda ta san zaren tsaye da na kwance, ta nuna cewa da yawansu ba su saƙuwa ta hanyar da ake saƙa kilim, kuma ba su dace da abin da Mellaart ya rubuta a baya ba. Ƙyallayen da aka tono a Catalhoyuk ma na zaren tsirrai ne, ba na gashin tumaki ba. Mellaart ya rasu a 2012. A 2018 Eberhard Zangger ya binciki takardun da ya bari a gidansa na Landan, ya tarar da gwaje-gwajen zanen da mutumin ya yi da hannunsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin ya ɗauki kusan shekaru 30 kafin a taɓo ƙarshensa, kuma ruwan da ya kwarara daga cikinsa ya riga ya cika littattafan ƴan yawon buɗe ido.

Kuskuren da ke ƙarƙashin wannan duka shi ne ɗaukar sunan zayyana a matsayin ma'anarta. Wanda ya taɓa zama wurin masu ɗinkin babbar riga a Damagaram ya san aska takwas da aska biyu. Sunaye ne na ma'abota sana'a, don maigida ya faɗa wa yaronsa abin da zai ɗinka. In wani baƙo ya zo ya rubuta cewa Hausawa na bautar aska tun zamanin jahiliyya, dariya za a yi masa. Haka yarinyar Yoruk, makiyayan Anatoliya, ke koyon ƙahon rago a gefen uwarta, kuma sunan zayyana ɗaya kan canja daga wannan kwari zuwa wancan. Ga kuma hukuncin masaƙa kanta: a kilim, duk inda launi biyu suka haɗu a tsaye ana barin tsaga, tsagar kuwa in ta yi tsawo shimfiɗa ta yi rauni. Shi ya sa ake karkata layi, a yi matakala, a yi ƙugiya. Abin da masani ya kira hannun gunkiya sau da yawa dabarar hana shimfiɗa yagewa ce.

Wannan ba ya nufin zayyanar ba ta ɗauke da komai. Akwai ma'anar da ke da shaidu. A ƙarni na 11 Mahmud al-Kashgari ya lissafa ƙabilun Oguz 22 tare da tambarin da kusan kowace ke yi wa dabbobinta. Turkumawa na da gul, tambarin da ake jerawa a tsakiyar darduma, wanda ake danganta shi da ƙabila, har Turkumanistan ta ɗora guda 5 a kan tutarta a 1992. Siffar nan mai kusurwa uku da ake kira muska laya ce, kuma masu saƙa ta sun san don kambun baka da mugun ido suke yin ta. Mihirabin da ke kan dardumar salla ba ya bukatar mai fassara. Duk waɗannan ana iya bin sawunsu, ko a rubuce ko a bakin masu abin.

Laifin labarin gunkiya ya wuce na ƙarya kawai. Yana mayar da macen da ta yi watanni durƙushe gaban masaƙa, tana ƙulla zare ɗaya bayan ɗaya, tamkar kwaryar da aka zuba wa tsohon sirri ba da saninta ba. Zaɓin launinta, da gyaran da ta yi wa zayyanar kakarta, da addininta na Musulunci, duk an share su, an ce gwanintarta gadon wasu matattu ce da ba su haɗa harshe da ita ba, tun da Turkawa ba su kwararo Anatoliya da yawa ba sai bayan yaƙin Manzikart na 1071. Ribar labarin ta tsaya a aljihun dillali da mawallafi. Ita kuwa da yawan ƙulli ake lissafa ladanta, kuma sunanta ba ya kan takardar da ake manna wa dardumar.