Kofin Gida Ma Kofi Ne: Tunatarwa Daga Gangaren Tudu

A watan Yulin 2025, sa'ad da Super Falcons suka doke Maroko da ci 3 da 2 a birnin Rabat suka ɗauki kofin mata na Afirka karo na 10, Abuja ta yi musu tarba ta girma. Shugaba Bola Tinubu ya ba kowace 'yar wasa lambar girmamawa ta OON da gida da kuɗi kwatankwacin dala 100,000. Ba mu ga laifin wannan karamci ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda hannun gwamnati ke buɗewa ga kofin da duniya ta gani, ya kuma ƙanƙance ga ƙungiyoyin garuruwa, waɗanda a cikinsu ake renon irin waɗannan zakaru.

Ba sai an yi nisa ba wajen neman misali. Keffi na da tazarar kilomita 50 ko kusa da haka daga Abuja, kuma ma'aikatan tarayya da yawa daga can suke yin sammako zuwa ofis. Duk wanda ya ratsa Gangaren Tudu da yammacin Asabar ya san yadda gidajen kallon ƙwallo ke cika idan Arsenal ko Chelsea za su buga. Matashin da ke wurin zai lissafa maka 'yan wasan Landan ɗaya bayan ɗaya. Amma ka tambaye shi wace ƙungiya ce ta kawo wa jiharsa kofin ƙasa, da wuya ya amsa ba tare da inda-inda ba.

Amsar ita ce Nasarawa Amazons. Wannan ƙungiya ta mata ta lashe gasar lig ta ƙasa a 2013, ta maimaita a 2017, sannan ta ɗauki kofin Aiteo a 2019 a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, bayan ta doke Rivers Angels a bugun fenariti. A wannan fili kuma, a wannan shekara, Kano Pillars ta ɗauki nau'in kofin na maza karo na farko a tarihinta. Ita kuwa Nasarawa United ta kai wasan ƙarshe na kofin har sau biyu, a 2016 da 2021, duka biyun fenariti ya raba ta da shi. Ta faɗa rukuni na biyu a 2023, ta dawo a 2024. Ga jihar da aka ƙirƙira a ranar 1 ga Oktoba 1996, wannan tarihi ne da ya isa a yi alfahari da shi.

Wani zai ce ƙwallo wasa ne, ina ruwan gwamnati da murnar magoya baya? Ruwanta ya shiga, domin jihohi irin Nasarawa gida ne na al'ummomi masu yawa: Eggon da Alago da Gwandara da Mada da Gbagyi da Hausa da Fulani da Tibi da sauransu. Abubuwan da ke tara su a inuwa guda ba tare da tambayar addini ko ƙabila ba ba su da yawa. Ranar da ƙungiyar jiha ta ci kofi, ɗan acaɓa da malamin Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi murna ɗaya suke yi. Irin wannan haɗin kai ba a sayensa da taron bita a otal, kuma ba ya samuwa daga nasarar wata ƙungiya a Ingila, komai son da ake mata. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A Amurka, ƙungiyar ƙwallon besbol ta Chicago Cubs ta yi shekara 108 ba ta ɗauki kofin ƙasar ba, daga 1908 har zuwa 2016. Duk tsawon wannan lokaci magoya bayanta ba su watse ba, kaka ya bar wa jika, domin ƙungiyar tana nan a unguwarta, filinta yana nan, tikitinta yana sayuwa, ba ta jiran sauyin gwamna kafin ta san makomarta. A nan kuwa akasarin manyan ƙungiyoyinmu mallakar gwamnatocin jihohi ne. Idan gwamna mai son ƙwallo ne, a ga haske. Idan ya tafi, a koma koke-koken albashi da alawus da doguwar tafiya a mota zuwa wasa. Ƙungiyar da ke rayuwa bisa ra'ayin mutum ɗaya ba za ta tara magoya bayan da za su gadar wa 'ya'yansu sonta ba.

Don haka muke jan hankalin masu karatunmu, waɗanda da hannunsu ake rubuta takardun da manya ke sa wa hannu. Tun daga Oktoban 2024, da aka soke Ma'aikatar Wasanni aka maido da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Malam Shehu Dikko, wanda ya daɗe yana jagorantar kamfanin da ke gudanar da gasar lig ta maza, babu sauran uzurin rashin sanin matsalar. Abu uku muke ganin sun wajaba.

Na farko, hukumar da NFF su tsaya kai da fata kan ƙa'idar lasisi: ƙungiyar da ake bin ta albashin 'yan wasa kada a yi mata rajistar sabuwar kaka, ta maza ce ko ta mata. Na biyu, a taimaka wa jihohi su mayar da ƙungiyoyinsu kamfanoni masu rajista da asusun da ake bincika, a sayar wa 'yan kasuwa da magoya baya hannun jari, ta yadda mutumin Keffi ko Akwanga ko Lafiya zai ce tawa ce, kuma ya faɗi gaskiya. Na uku, a kare filayen wasa na unguwanni da na makarantu. Yadda Abuja ke tunkuɗo jama'a ta Mararaba da Masaka zuwa Keffi, kowane fili ya zama abin kwaɗayin masu yanka fuloti, kuma yaron da ba shi da inda zai buga ƙwallo ba zai taɓa zama zakara ba.

Ga hadiman manya kuma, muna da magana ta musamman. Rubuta saƙon taya murna abu ne mai sauƙi, kuma kun ƙware a kai. Amma idan kun ajiye wa mai gida saƙon, ku haɗa masa da tambaya: an biya 'yan wasan haƙƙinsu? Alkawarin da aka yi musu a gaban kyamara ya shiga kasafi, ko ya tsaya a bakin lasifika?

Sauran aikin na kowa ne. Ma'aikacin da ke biyan kuɗin tauraron ɗan'adam duk wata don kallon gasar Ingila ba zai gaza sayen tikitin wasan gida ko da sau ɗaya a kaka ba, ya kuma riƙe hannun ɗansa ko 'yarsa su tafi tare. In an yi haka, ranar da kofi zai sake shigowa Jihar Nasarawa, matasan Gangaren Tudu za su fito tarbarsa suna kiran 'yan wasan da sunayensu.