Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Shirya Yaro Domin Intabiyun Shiga Sakandare



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a duk shekara idan 'yan aji shida na firamare suka doshi kammalawa, hankalin iyaye yakan tashi a kan inda za a kai yaro. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta mayar da karatun shekara 9 na farko, wato 6 a firamare da 3 a ƙaramar sakandare, kyauta kuma tilas a Nijeriya. To amma kowa ya san akwai makarantun da ake rububi: kwalejojin gwamnatin tarayya, waɗanda hukumar NECO take shirya jarrabawar shigarsu, makarantun sojoji irin ta Zariya da aka kafa a 1954, makarantun kimiyya na Kano irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977, waɗanda suke ɗauka bayan an gama aji uku, sai kuma makarantun kuɗi, har da masu haɗa boko da Islamiyya. Masu nema sun fi gurabe yawa, don haka da dama daga cikin irin waɗannan makarantu, bayan jarrabawar rubutu, sukan kira yaro a zaunar da shi gaban malamai a yi masa tambayoyi baki da baki. Wannan ganawa ita muke kira intabiyu.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, mafi yawan abin da muke kira shiri haddatar da yaro amsoshi ne, wani lokaci har da koya masa ƙarya, alhali kuwa abin da yake buƙata shi ne ya iya buɗe baki a gaban manya ya faɗi gaskiya game da kansa cikin ladabi. Wannan kuwa aikin gida ne, babu mai lesin ɗin da zai yi maka shi a mako guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara da tambayar kanmu: me malaman nan suke nema? Sakamakon jarrabawa yana gabansu, sun riga sun ga makin yaron. Abin da takarda ba za ta gaya musu ba shi suke son gani da idonsu. Shin wannan yaron shi ne ya rubuta jarrabawar, ko wani ya rubuta masa? Zai iya karanta layi biyar a fili ya faɗi abin da ya fahimta? Idan aka sauya masa fasalin lissafin da ya saba, zai yi tunani ko zai daskare? Idan makarantar kwana ce, ya isa ya kula da kansa? Duk tambayoyin da za a yi masa, daga sunansa har zuwa abin da yake so ya zama, hanyoyi ne na kaiwa ga waɗannan.

Idan ka fahimci haka, ya ɗan'uwa, za ka ga raunin hadda a wannan fage. Duk wanda ya taɓa zama a gaban ɗalibai a Islamiyya ya san yaron da zai karanto maka sura tun daga farko har ƙarshe babu gargada, amma ka ɗauko masa aya daga tsakiya, sai ya yi tsuru-tsuru yana jiran a ja masa baki. Alƙur'ani ke nan, wanda lafazinsa tabbatacce ne, kuma haddace shi ibada ce. To ina ga amsar intabiyu, wadda mai tambaya yake da ikon juya ta yadda ya so? An haddatar da yaro cewa yana so ya zama likita domin ya taimaki al'ummarsa. Malami ya riga ya ji wannan jimla daga bakin yara da yawa tun safe, sai kawai ya ce, "To, mene ne aikin likita?" Nan take ginin ya rushe. Da an bar yaron ya faɗi abin da yake ransa, ko da cewa zai yi yana so ya iya gyaran mota domin yakan tsaya kallon makanikan unguwarsu, da ya sami abin faɗa a tambaya ta biyu da ta uku, domin daga cikinsa maganar take fitowa.

Babbar matsalar yaranmu a wannan wuri ita ce kunya. Mun tarbiyyantar da su cewa ba a kallon babba cikin ido, ba a ɗaga murya a gabansa, ba a tsoma baki idan manya suna magana. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ba na kira da a watsar da ita. Sai dai mun manta mu koya musu ɗaya rabin, wato idan babba ne da kansa ya tambaye ka, to ladabi shi ne ka ba shi amsa yadda zai ji. Yaron da ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsunsa, yana magana can cikin maƙogwaro, malamin da bai san shi ba zai iya ɗaukarsa wanda bai san komai ba, ko da kuwa shi ne na ɗaya a ajinsu.

Bukhari ya ruwaito cewa wata rana Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda take kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, wanda yake yaro a cikinsu, ya ji a ransa cewa dabino ce, amma kunya ta hana shi magana, har Annabi (SAW) ya ba da amsar da kansa. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da hakan ya fi soyuwa gare shi fiye da abubuwa masu yawa. Bukhari ya kawo wannan hadisi a babin da ya yi a kan kunya a wajen ilimi. Ka lura da abu biyu: uban bai yaba wa wannan shirun ba, kuma ɗan ya sami sakewar da zai zo ya gaya wa ubansa abin da ya ɓoye a ransa. Mu tambayi kanmu, yaranmu nawa ne suke da irin wannan sakewar da mu?

Saboda haka shirin farko shi ne hira. Uban da bai taɓa zama da ɗansa minti goma suna magana ba, sai dai aike da faɗa, kada ya yi mamaki idan yaron ya kasa magana a gaban baƙi huɗu. Ka zauna da shi bayan magariba ko bayan isha, ka tambaye shi abin da aka koyar yau, ka bar shi ya gama jimlarsa ba tare da ka katse shi ba. Ka ba shi littafinsa na Turanci ya karanta shafi ɗaya a fili, ya bayyana maka ma'anarsa da Hausa, sannan ya sake faɗa da Turancin da ya iya, domin galibi da Turanci ake yin intabiyun. Idan kai ba ka yi boko ba, wannan ba ya hana komai: yayansa ko ƙanwar mahaifiyarsa su saurari Turancin, kai ka saurari Hausar. Idan lokaci ya matso, ka roƙi wani babba da yaron bai saba da shi sosai ba, maƙwabci ko abokinka, ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyi, domin ya ɗanɗani yadda abin yake.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da muke ɗauka yaro ya sani, alhali bai sani ba. Yaron da aka sa wa sunan kakansa, aka taso ana kiransa Abba ko Halifa, ko yarinyar da ake kira Ummi, mai yiwuwa a kira sunan da yake kan takarda su yi zaune ba su motsa ba. Ka tabbatar ya san cikakken sunansa kamar yadda aka rubuta a fom, ya iya rubuta shi, ya san ranar haihuwarsa, da sunan unguwarsu da ƙaramar hukumarsu, da sunan makarantar da ya gama. Ya san sana'arka, kuma ya faɗe ta ba tare da jin nauyi ba. In kai manomi ne ya ce manomi, in tela ne ya ce tela. Uban da ya ce wa ɗansa, "Ka ce musu ni ɗan kasuwa ne," alhali dako yake yi a kasuwar, ya koya wa yaron jin kunyar halal ɗin da aka ciyar da shi da ita.

Haka nan ka koya masa cewa faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba, kuma wannan bai rage masa daraja ba. Yaro ya iya cewa, "Malam, ban gane tambayar ba, a taimaka a maimaita mini," ko "Malama, ba a koya mana wannan ba, amma zan gwada." Malamin kirki ya fi son wannan a kan kame-kame, domin ya san irin wannan yaron ne ake iya koyarwa.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi nauyi, wato ƙarya. Yaro yana aji huɗu ko biyar, a tsallake da shi, a je a yi takardar rantsuwa a kotu a ƙara masa shekaru, ko kuma a rage wa wanda ya girma. A sauya masa ƙaramar hukuma domin an ji gurbin can ya fi sauƙin samu. Sannan a zaunar da shi a ce, "In an tambaye ka, ka ce kaza." Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata uwa ta kira ɗanta da alkawarin za ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Idan wannan shi ne hukuncin ƙaryar rarrashi, yaya ke nan wanda ya ɗora ƙarya a kan harshen ɗansa, ya maimaita masa har ta zauna? Ranar da yaron ya shiga da takardar jabu ya ga an karɓe shi, ya koyi darasin da ya fi duk abin da za a koya masa a shekara 6 ɗin tasiri a zuciyarsa. Gobe idan ya shiga ɗakin jarrabawa da satar amsa, da wane baki za ka yi masa faɗa?

Mafi hatsari a cikin ɓoye-ɓoyen nan shi ne na lafiya. Yaro mai sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko mai fitsarin kwance, iyaye sukan hana shi faɗa don tsoron kada a ƙi ɗaukarsa. To ka yi tunanin daren da ciwon zai tashi a ɗakin kwanan ɗalibai, babu wanda ya san abin da yake damunsa, kai kuma kana wani gari. Gara a ƙi shi a makarantar kwana ya yi jeka-ka-dawo a gabanka, da a karɓe shi a kan rashin sani.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, wannan duk wa'azi ne. Mu masu gaskiya muna layi, wasu suna shiga da takardar wani babba, wasu da kuɗi." Ba na musun cewa hakan yana faruwa, kuma zalunci ne da ya wajaba a yi ta magana a kansa. Ba kuma zan yi maka alkawarin cewa gaskiya za ta samar wa ɗanka gurbi a bana ba. Mai yiwuwa ma ta hana shi. Abin da nake cewa shi ne ka auna abin da za ka samu da abin da za ka biya. Gurbin da aka samu ta bayan fage, gurbin ɗan wani ne da ya cancanta. Yaron da aka cusa a inda ƙarfinsa bai kai ba kuwa, shi zai zauna a ajin yana shan wuya, ba kai ba. Abdullahi ɗan Umar ɗin nan da muka ambata, an gabatar da shi ranar Uhudu yana ɗan shekara 14 aka mayar da shi gida, aka sake gabatar da shi ranar Handaƙ yana da 15 aka karɓe shi. Babu inda aka ruwaito cewa mahaifinsa, duk da matsayinsa, ya nemi a yi masa alfarma. Jinkirin bai hana shi zama ɗaya daga cikin manyan malaman sahabbai ba.

Idan ranar ta zo, a sauƙaƙa. A haɗa takardu tun jajibere: takardar gayyata, takardar haihuwa, shaidar makarantar firamare, hotuna, da duk abin da makarantar ta nema. Yaro ya yi barci da wuri, ya karya kumallo, ya sa tufafi masu tsabta da ya saba da su, a yanke masa farce, a isa wurin kafin lokaci. Kada a cika masa kunne a hanya da lissafin kuɗin da aka kashe, ko barazanar abin da zai same shi in ya faɗi. Ki dafa kansa, ya ke uwa, ki yi masa addu'a yana ji. Ka gaya masa, ya kai uba, cewa ya yi sallama in zai shiga, ya jira a ba shi izinin zama, ya ɗaga kai ya yi magana a ji, kuma ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba, shi ɗanka ne. Idan ya fito, a bar shi ya sha ruwa kafin a fara tambayarsa yadda aka yi.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya gaskiya a harsunansu, Ya zaɓa musu makarantar da ta fi zama alheri ga addininsu da rayuwarsu. Wallahu a'alam.