Ma'aƙe: Rawanin Soro da Ran Ɗan'uwanka



Akwai wata kalmar Ibrananci da ta fito sau ɗaya tak a dukan Tsohon Alkawari, a Maimaitawar Shari'a 22:8. Kalmar ita ce ma'aƙe. A nan aka umarci Isra'ilawa cewa duk wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufinsa ma'aƙe, domin kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau kan gidan.

Ma'aƙe 'yar gajeriyar katanga ce da ake kewaye bakin rufi da ita. Masana harshe suna danganta ta da wani tushe mai ma'anar hanawa ko tarewa. Sa'ad da Yahudawan Iskandariya suka juya Attaura zuwa Helenanci, wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, sun fassara ta da kalmar sitefane, wadda ake kiran kambi ko abin da ya zagaye kai da ita. Wanda ya san soron ƙasa na Kano ko Zariya zai yi murmushi, gama magina su ma rawani suke ce wa wannan katanga.

Me ya sa Allah ya damu da ita? Rufin gida a Isra'ila shimfiɗaɗɗe ne, kamar ƙarin ɗaki. A can Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asiri (Joshuwa 2:6). A can Sama'ila ya yi magana da Saul (1 Sama'ila 9:25). A can Bitrus ya hau yin addu'a a Yafa (Ayyukan Manzanni 10:9). Wurin shanya ne, wurin hira da shan iska. Mai gida ya san bakin rufinsa ko da dare. Baƙo da ƙaramin yaro su ne ba su sani ba, domin su ake gina ma'aƙe.

Malaman Yahudawa sun ɗauki dokar da nauyi. Sun ce tsayin katangar kada ya gaza faɗin tafin hannu 10, wato kusan mita ɗaya. Daga wannan aya kuma suka koyar cewa bai kamata mutum ya ajiye mugun kare ko ruɓaɓɓen tsani a gidansa ba.

Ga ra'ayina, 'yan'uwa. Mu masu bi mun saba rufe sakacinmu da sunan Allah. Na taɓa tsayawa a jana'izar wani yaro da ya faɗa rijiyar da ba ta da murfi. Kowa yana cewa nufin Allah ne. Ni ma na ta'azantar da iyayen, gama ranar kuka ba ranar tuhuma ba ce. Amma har na kai gida zuciyata tana tambayata: katako nawa ne zai rufe bakin rijiyar nan? Fitowa 21:33-34 ta ɗora wa wanda ya bar rami a buɗe biyan diyyar sa ko jakin da ya faɗa ciki. In haka ne a kan dabba, ina ga ɗan mutum?

Wani zai ce, "Fasto, ai Ubangiji ne mai tsaro." Gaskiya ne. Amma tuna da Matiyu 4:5-7. Iblis ya kai Yesu ƙwanƙolin Haikali, ya ce ya yi tsalle, har ya jawo Zabura ta 91 a kan tsaron mala'iku. Yesu ya ƙi, ya amsa masa daga Maimaitawar Shari'a 6:16, inda aka hana gwada Ubangiji. Littafin da ya hana gwada Allah, shi ne ya ce a gina ma'aƙe. Wanda ya bar rufinsa haka nan yana cewa Allah zai kiyaye, gwaji yake yi, da ran wani kuwa.

Ku lura kuma da lokacin umarnin: sa'ad da gidan yake sabo, tun ba wanda ya faɗo. Rigakafi ya fi magani.

To, ina naka rufin? Kai mai babur, wanda ka goya ya ba ka amanar ransa, ka gyara birkinka. Kai magini, kada ka rage siminti don ka ƙara riba. Ke mai koyar da yara a makarantar Lahadi, ki san wanda yake zuwa ɗaukar kowane yaro. Ku shugabannin zumunta, kada ku cusa mutum 25 a mota mai ɗaukar 18 don za ku taro, sa'an nan ku ce a rufe ido a yi addu'ar tafiya.

Kayinu ya tambayi Allah ko shi makiyayin ɗan'uwansa ne. Wannan 'yar katanga ta amsa: i, kai ne. A makon nan ka zaga gidanka da wurin aikinka, ka nemi wuri ɗaya da wani zai iya faɗawa, ka gyara shi kafin Lahadi.

Ya Uba, ka buɗe idanunmu mu ga haɗarin da muka saba da shi, ka ba mu ƙaunar da take ginawa tun kafin a yi kuka. Cikin sunan Yesu, Amin.