Gani Ya Kori Ji: Gargaɗi Ga Sababbin Ɗalibai

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana da ƙannena sababbin ɗalibai, waɗanda za su fara shiga ɗakin gwaje-gwaje na ilmin halittu a wannan zango. Ba don na fi kowa sani ba ne, gama ni ma bara na fara. Amma akwai wani rami da na faɗa ciki, ba na so ku bi sawuna.

Ga yadda abin ya faru. Ranar da muka fara aiki, Malama ta ba kowane tebur albasa guda, da 'yan fallayen gilashi, da ruwan aidin. Ta ce mu yanka albasar, mu zare tantanin nan mai laushi da ke manne a cikinta, mu shimfiɗa shi bisa gilashi, mu ɗiga aidin, mu duba a madubin likita, sa'an nan kowa ya zana abin da ya gani. Mu shida ne a kan madubi ɗaya. Da layi ya zo kaina na leƙa, ban ga kome ba sai haske da inuwar gashin idona. Na murɗa nan, na murɗa can, na bayana suna ta cewa in yi sauri. Sai kunya ta kama ni, na ce, "Na gani!" Na koma kujerata, na buɗe littafi a ƙarƙashin tebur, na kwafi hoton ƙwayar halittar tsiro tsaf, har da 'yan ɗige-ɗigen nan koraye da ke cikinta.

Malama ta zo ta duba, ta ce, "Zanenka ya yi kyau. Amma waɗannan korayen, a ina ka gan su?" Na ce, "A madubi, Malama." Ta ce, "To, zo ka nuna mini, gama na daɗe ina duban tantanin albasa, ban taɓa dacewa da su ba."

Ashe korayen nan aikinsu shi ne kama hasken rana su haɗa wa tsiro abinci, saboda haka a ganye a ke samunsu. Kan albasa kuwa rumbu ne, a ƙasa ya ke zaune, tantaninsa ba shi da su. Hoton da na kwafa na ganye ne. Lalle ramin ƙarya ƙurarre ne. Malama ba ta yi mini faɗa ba. Ta zaunar da ni, ta nuna mini yadda a ke daidaita madubin, sai ga 'yan ɗakuna jere reras kamar bulo a jikin bango, kowane da ɗan ɗigo a ciki wanda aidin ya rina. Zanen da na yi na biyu bai kai na fari kyau ba, amma nawa ne.

Tun daga ran nan ra'ayina ke nan: babban abin da a ke koya a ɗakin nan shi ne mutum ya duba da idonsa, ya kuma faɗi gaskiyar abin da ya gani. Sunayen sassan halitta ana iya haddace su a ɗakin kwana. Wanda ya kwafi littafi, ko ya ari littafin aikin wani na gaba da shi, ko ya sauko da hoto daga intanet, ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ya fito hannu wofi, ko da an ba shi goma bisa goma.

Ku tuna ilmin nan da ido aka fara shi. A shekarar 1665 wani mutumin Ingila, Robert Hooke, ya buga littafin abubuwan da ya gani a madubinsa. A ciki akwai zanen ɓawon itacen da a ke toshiyar kwalba da shi, mai 'yan ramuka kamar saƙar zuma, shi ne ya fara kiransu ƙananan ɗakuna. A 1674 kuma Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda bai taɓa zaman jami'a ba, ya duba ruwan tafki da gilashin da ya gyara da hannunsa, ya ga 'yan halittu suna iyo. Masanan Landan suka yi ta shakka, sai da suka duba da kansu suka yarda. A 1897 Likita Ronald Ross, a ƙasar Indiya, ya yi ta feɗe sauro ɗaya bayan ɗaya har ya iske ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a tumbinsa. Da mutanen nan sun tsaya ga abin da littattafan zamaninsu suka ce, da ba su gano kome ba.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce madubai kaɗan ne, mu kuwa muna da yawa, lokaci gajere ne, wani lokaci ma a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Gaskiya ne, kuma ya kamata hukumar kwaleji ta duba wannan kuka, ta kuma riƙa buɗe mana ɗakin da yamma. Amma ƙarancin kaya bai halatta ƙarya ba. Idan ba ka gani ba, ka rubuta ba ka gani ba, ka nemi taimako. Waɗansu kuma za su ce, me ya sa za mu sha wahalar zane, ga waya mai ɗaukar hoto? Ku ɗauka, ba laifi. Sai dai waya tana ɗaukar abin da mai ita bai lura da shi ba. Mai zane kuwa tilas ya tambayi kansa, bangon nan kauri gare shi ko siriri ne, ɗigon nan a tsakiya ya ke ko a gefe.

Abin da ya fi damuna shi ne, mu malamai za mu zama. Ku dubi zancen kurkunu. A 1988 an ƙidaya masu ciwon nan fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani. 'Ya'yan tsutsar suna zaune ne cikin wani ɗan ƙwaron ruwa da ƙyar ido ke ganinsa, mutum ya sha shi a ruwan kududdufi, bayan wajen shekara guda tsutsa ta ɓullo masa a ƙafa. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da wayar da kan jama'a aka ci ƙarfinsa, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasarmu ta rabu da shi. Tsargiya da zazzaɓi kuwa suna nan. Yaya malamin da bai taɓa ganin abin da ke cikin ɗigon ruwa ba zai sa yaro, balle uban yaro, ya yarda akwai shi?

Kada kuma mu ce makarantun da za a tura mu ba su da madubi. Kwalba da ruwan kwata da ƙyallen rufi sun isa yara su ga tsutsa ta rikiɗa ta zama sauro. Wake a jiƙaƙƙen auduga zai nuna musu saiwa ce ke fara fitowa. Ɗigon aidin a kan rogo zai koma shuɗi-baƙi, alamar sitaci. Wanda ya saba duba da kansa, ba ya rasa abin nuna wa yara.

To, ga 'yar shawara. Ka karanta aikin ranar tun kafin ka shiga. Ka ɗauki madubi da hannu biyu. Ka fara da ƙaramin gilashi kafin babba: idan na ido yana ƙara girma sau 10, na ƙasa sau 4, abin ya ƙaru sau 40 ke nan, da mai sau 40 kuwa ya kai 400. Ka sauke murfin gilashi a karkace sannu sannu, gama kumfar iska takan fito kamar zobe mai baƙin baki, ta ruɗi baƙo. In ka tura gilashi dama, abin zai tafi hagu, kada ka firgita. Ka yi zane da fensir mai tsini, ka rubuta sau nawa aka ƙara girmansa. Ban da ciye-ciye a ɗakin, ka wanke hannu in za ka fita.

In kuwa ka leƙa ba ka ga kome ba sai gashin idonka, kada ka ji kunya irin tawa. Ɗaga hannu ka ce, "Malama, ban gani ba." Minti biyu ya ishe ta ta gyara maka.

Naku,
Wani ɗalibin aji biyu