Yaron Mark Twain da Alhajin Abubakar Imam



A bakin kogin Misisipi a Amurka akwai wani ɗan gari, Hanibal, da har yau yake cin albarkacin yaron da ba a taɓa haifa ba. Tom Sawyer ke nan, jarumin littafin da Mark Twain ya fitar a 1876. Ana cewa sunan na wani ɗan kwana-kwana ne da marubucin ya sani a San Faransisko. Abokinsa Huckleberry Finn kuwa, Twain da bakinsa ya ce halin wani yaron unguwarsu ya ɗauko, Tom Blankenship, ɗan talakawa. Duk watan Yuli mutanen garin na yin bikin Tom Sawyer, yara su riƙe burushi suna tseren shafa wa shinge farin fenti kamar yadda aka yi a labarin. Gidan da Twain ya tashi ya zama gidan tarihi.

To, mu dawo gida. Daga nan Ƙofar Sauri ba nisa zuwa tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Abubakar Imam, haifaffen Kagara, ya yi karatu. Yana koyarwa a Midil ta Katsina aka yi gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ƙarƙashin Rupert East, ya rubuta Ruwan Bagaja. Shi bai je aron suna wurin kowa ba. Nasa ya ba jaruminsa: Alhaji Imam. Lokacin bai wuce shekara 22 ba, kuma wannan ƙarfin hali yana burge ni ƙwarai. Matashi ya liƙa sunansa a kan mutumin da ke zamba cikin aminci da wani Malam Zurƙe gari bayan gari, bai ji tsoron a ce halinsa ne ya tona ba. Amma ku tuna abin da ya fitar da Alhaji daga Kwantagora: an kunyata limamin da ya riƙe shi a gaban fada, ya ɗaura aniyar ba zai zauna ba sai ya kawo ruwan Bagajan da aka ƙaryata. Duk shaƙiyancinsa, ɗa ne mai kishin ubansa.

Gasar nan ita ta ba mu Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma kwalejin nan ta yaye.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tare yaran Ƙofar Sauri da aka taso daga makaranta ka tambaye su wane ne Alhaji Imam. Nawa za su ce a garinsu aka ƙago shi? Laifin namu ne, iyaye da malamai, ba nasu ba.

Ginin kwalejin yana nan tsaye, ya zama gidan tarihi. Ina roƙon hukumar ilimi da marubutan Katsina su ware rana ɗaya a shekara, a kai ɗalibai harabarsa, a karanta musu Ruwan Bagaja da babbar murya, wani ya fito a Alhaji, wani a Zurƙe, kowane yaro ya koma gida da kwafinsa.